Naman da Na Binne a Dutsen Makau

Bana ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, sau biyu a jere, ƙasa ta jiƙu sosai, kowa ya ɗauki sungumi ya fita. Gero ya tsiro, ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha tara ke nan. Da hantsi ganyen gero yakan nannaɗe, da yamma hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sannan iska ta zo ta watsa shi, mu koma gida muna kallon juna.

Ranar Laraba ina dawowa daga duba 'yar gonata da ke kan hanyar Gwaram, 'yata Rabi tana bayan babur, sai muka ga wani mutum a bakin titi ya ɗaga damo ta wutsiya yana nuna wa masu motoci. An ɗaure masa ƙafafu ta baya, maƙogwaronsa yana ta motsi.

"Tir," in ji Rabi. "Baba, wai don Allah wa ke cin wannan abin?"

Na ce mata ta riƙe da kyau, akwai rami a gaba. Babu wani rami. Kaucewa kawai na yi, domin tambayar da ta yi ita ce na yi a zuciyata shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, kuma har yau ina jin nauyinta.

A lokacin na gama sakandare ina zaune a Birnin Kudu, ba aiki ba makaranta, sai zaman inuwa da gardamar ƙwallo. Sai wata ƙungiyar sa kai ta zo neman matasan da za su shiga ƙauyuka tsawon damina, su riƙa auna yara suna faɗa wa iyaye mata yadda za su ciyar da su. Babu albashi. Abin da aka ba mu shi ne keke, da sikeli mai ƙugiya, da damin katuna, da horo na mako guda. Ba zan yi ƙarya in ce tausayin yaran ƙauye ne ya kai ni ba. Na gaji ne da irin kallon da mahaifina ke yi mini duk safiya idan zai fita kasuwa ya same ni a kan tabarma.

Aka tura ni Dutsen Makau. Daga Gwaram sai ka yi rabin yini a kan keke, ka haye wani rafi, daga nan kuma ka sauka ka tura keken a tsakanin duwatsu. Gidaje ne da ba su fi ashirin ba, sun maƙale a gindin wani ƙaton dutse. Mai unguwa ya sauke ni a gidan Baba Tanimu, maharbin garin, saboda shi ne mai ɗakin baƙi a gefen zaure. Baba Tanimu ɗan gajeren tsoho ne siriri, ba ya yawan magana, kuma idan yana tafiya kullum idonsa na ƙasa. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen ƙauye. Sai daga baya na gane karanta ƙasar yake yi, kamar yadda nake karanta takarda.

A cikin gidan akwai matarsa Inna Kande, mai surutu da zolaya, wadda ta cike duk shirun mijinta. Akwai kuma surukarsu Saude, matar ɗansu Ya'u, wanda ya tafi ƙwadago kudu tun da rani, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Saude tana goyon 'yar fari, Hajara, wata huɗu da haihuwa.

Ranar Alhamis ta farko na rataye sikelina a reshen tsamiyar ƙofar mai unguwa, mata suka yi layi. Saude ba ta zo ba, don kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ta tsaya gaban namiji ana maganar yarinyar ba. Inna Kande ce ta kawo ta. Da na karɓe ta zan sa a ɗan wandon awo, hannuna ya yi sama, saboda na shirya wa nauyin da babu shi. Na duba tsinken sikeli, na duba katin, na ɗiga alƙalami a ƙasan layin da aka ce mana duk yaron da ya faɗa ƙarƙashinsa yana cikin haɗari. Sannan na gyara murya na karanto darasin da na haddace. Na ce dole mai shayarwa ta riƙa cin abinci mai gina jiki, nama da ƙwai da wake da gyaɗa, in ba haka ba nono zai ƙafe.

Inna Kande ta saurare ni har na gama, ta mai da yarinyar baya ta ɗaure zani.

"To, Malam," ta ce, "Allah ya hore."

Shekarar da ta gabata amfanin gona bai yi kyau ba, rumbuna sun daɗe da zama fanko. Ita kuma wannan daminar ta yi irin ta bana, ruwa biyu aka yi aka shuka, sai ya tsaya. Zafi ne irin wanda dutse yake sha da rana ya dawo maka da shi da yamma. Idan ka jingina da bangon ɗaki bayan la'asar sai ka ji kamar ka jingina da gefen murhu.

Har yanzu ina iya jero yadda yini ke tafiya a gidan. Bayan sallar asuba sai a miƙo mini kunu a ƙoƙo, tsararo, kana ganin gindin ƙoƙon ta cikinsa. Maza su saɓa fartanya su tafi noman farko, ko da yake babu ciyawar kirki da za a nome, sai dai a tattara wa gero ƙasa a gindi kada ya ƙarasa bushewa. Ana yin gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, amma gayya ce da ba a kai mata fura, sai ruwan tsamiya a tulu. Mata kuwa su bazu bakin rafi da ƙwarya suna tsinkar tafasa da yaɗiya, har da wasu ganyayen da ban san sunansu ba. Girki ɗaya ake yi, bayan la'asar. Kafin lokacin, garin yakan yi tsit, yara ma ba sa wasa, suna kwance a inuwa suna korar ƙuda a hankali. Ni da na taso gidan da ake dafa abinci sau uku, a makon farko na san cewa yunwa tana da ɗanɗano, wani ɗaci-ɗaci a can ƙarshen harshe.

Da abin ya tsananta sai mutanen garin suka juya ga dutse, kamar yadda suka ce iyayensu sukan yi a irin wannan shekara. Baba Tanimu yakan fita da karensa tun sanyin safiya ya dawo da abin da Allah ya ba shi a cikin burgami. Ban taɓa leƙa burgamin ba.

Wata yamma Inna Kande ta ajiye mini akushi a ƙofar ɗaki. Na buɗe faifai, na ga tuwon dusa da miyar tafasa kamar kullum, amma a kan miyar akwai wani abu mai yatsu biyar da farata, ya ɗan tanƙware kamar hannun jariri. Cinyar damo ce. Zuciyata ta tashi. A gidanmu naman da na sani shi ne na rago da sa da kaza, sai kifi idan an samu. Na zauna ina kallonsa ina tunani. Idan na mayar da shi, za su ce ɗan birni ya raina abincinsu. Idan na ci, na san zai dawo. Sai na ga kamar na samu dabara. Na ci tuwona, na rage loma biyu kamar yadda aka koya mana a gida, don mai gida ya san baƙo ya ƙoshi. Naman kuwa na naɗe shi a takarda, da aka kira magariba kowa ya tafi alwala, na zaga bayan ɗaki na tona rami da tsinke na binne shi, na bi da ƙafa na daddanne.

Washegari sai ga yanka biyu.

Haka muka ci gaba. Yau gafiya, gobe bushiya, jibi kurege, wata rana rema, wannan dabbar mai kama da ƙaton ɓera marar wutsiya da ke zama a kogon dutse. Kullum akushi ya zo da nama, kullum ya koma da loma biyu na tuwo, babu nama. Har na fara jin daɗin kaina, ina ganin na iya zama da mutane. Wata rana Inna Kande ta zo ɗaukar akushi, Baba Tanimu yana zaune a zaure yana gyaran igiyar tarko, ta buɗe faifai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe 'yan birni ma sun san daɗi. Malam, ko ƙashi ba ka bar wa kare?"

Na yi dariyar yaƙe na ce ai girkin Inna ne ya yi daɗi. Baba Tanimu ya ɗago kai ya dube ni, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Haƙoran Malam na da kyau," ya ce, ya koma kan igiyarsa.

Duk Alhamis kuwa ina ƙarƙashin tsamiya da sikelina. Tsinken yana ja da baya a kan Hajara, kaɗan-kaɗan, amma bai taɓa fashi ba. Fatar cinyarta ta fara yin laushi tana naɗewa, maɗigarta ta ɗan faɗa. Daga ɗakina ina jin kukanta ta cikin zana, kuma na lura kukan yana canzawa, ya bar na jariri mai neman haƙƙinsa ya koma wani siririn abu kamar na 'yar kyanwa. Kowane mako sai na sake maimaita wa Inna Kande darasina, har da ɗan ɗaga murya, cewa sai fa Saude ta samu nama. Ita kuma ta ce Allah ya hore. Da yamma in koma bayan ɗaki da tsinkena. Mako uku cur na yi a haka, kuma ko sau ɗaya ban haɗa waɗannan abubuwa biyu a kaina ba. Na ɗauka kowa a gidan yana samun irin abin da nake samu. Ban tambaya ba, domin ban so in sani ba.

Ranar wata Asabar bayan sallar asuba Baba Tanimu ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Malam, yau ba awo. Ka raka ni dutse."

Ya miƙa mini gora da damin busasshiyar ciyawa, shi ya ɗauki dagi da wuƙa, kare ya shige gaba. Muka fara bin tarkuna. Bakwai ya ɗana, bakwai ɗin babu komai, ɗaya ma wani abu ya cinye abin da ya kama ya bar gashi. Rema suna zaune a saman dutse suna shan hantsi, da mun matso sai ɗaya ta yi ƙara, duk su ɓace cikin tsaga. Kafin rana ta take, tafin ƙafata ya fara jin zafin dutse ta cikin takalmi, idona yana ganin wasu ɗige-ɗige baƙaƙe. Tsohon nan kuwa, da kunun da na sha shi ma ya sha, yana ta hawa bai ko waiwayo ba.

Ya samu ramin gafiya a gindin wata ƙirya. Ya zaga ya toshe ƙofofi biyu da duwatsu, ya tsayar da ni a ta uku da gorata, ya cusa ciyawa a babbar ƙofar ya kunna wuta yana fifitawa da hularsa. Mun fi awa guda a nan, hayaƙi yana shiga idonmu. Da gafiyar ta fito, ta fito ne ta tsakanin ƙafafuna. Na yi tsalle na ja da baya, ban ko ɗaga gorar ba, ta shige cikin duwatsu.  Baba Tanimu ya kakkaɓe hularsa ya mayar kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan azahar ya tsaya a bakin wani kogo ya tsuguna, ya ɗauko wata doguwar ƙaya mai zanen fari da baƙi ya nuna mini.

"Beguwa. Tana ciki, sawun na jiya ne. Wannan karon in ta fito kada ka dubi ƙayar, ka dubi hancinta."

Ya sake kunna wuta, da hayaƙin bai isa ba sai ya kwanta rub da ciki ya tura rabin jikinsa cikin kogon yana zungura da dagi. Ina tsaye ina kallon duga-dugansa da suka tsattsage, ina jin tarinsa daga ciki. Can sai na ji wani kaɗe-kaɗe kamar ana girgiza tsintsiya, kare ya yi kuka ya ja baya da ƙaya biyu a hanci, sai ga ta ta fito da baya-baya, ta kumbura ta ninka girmanta. Na rufe ido na kai duka, na sake kaiwa. Na ji wani zafi ya soke ni a ƙwauri. Baba Tanimu ya fito da sauri, ya danne ta da dagi, ya juya ta gabas ya yi bisimilla ya yanka tun tana motsi. Sannan ya zare mini ƙayar daga ƙafa, ya tauna wani ganye ya manna.

A inuwar dutsen ya feɗe ta, ya shimfiɗa ganye ya fara kasafi. Yana yi yana faɗa, kamar mai koya wa ɗalibi. Wannan na mai unguwa ne. Wannan na gidan da ke da marar lafiya. Wannan na maƙwabta biyu da suka ji ƙamshi ba za a hana su ba. Abin da ya rage na gida bai taka kara ya karya ba: kai, da ƙafafu, da haƙarƙari, da hanta, da cinya ɗaya. Ya ware cinyar da hantar gefe.

"Wannan na baƙo."

"Saude fa, Baba?" na ce.

Ya goge wuƙar a ganye, ya daɗe yana gogewa.

"A gidan maharbi, cinya da hanta na mai shayarwa ne. In akwai baƙo, sai a fara kai masa, ya taɓa, ya rage, sauran ya koma mata. Haka muka taras. Ranar farko akushinka ya dawo ko ƙashi babu, Kande ta ce bai ishe ka ba, mun ji kunya. Saude da bakinta ta ce a haɗa maka da nata, ita romo ya ishe ta. Ta ce mutumin da ya baro birni saboda 'ya'yanmu bai kamata ya kwana da kwaɗayi ba."

 Ya ci gaba, muryarsa ba ta canza ba.

"Malam, ƙasar bayan ɗakinka ta ƙoshi haka."

 Da ƙyar na iya tambayarsa tun yaushe ya sani.

"Shekaranjiya kare ya yi tono, na bi sawunsa na ga sauran ramukan. Amma na yi zargi tun ranar maganar ƙashi, don ba a haifi mai tauna ƙashin rema ba. Na yi shiru, na ce ba a tuhumar baƙo a kan abin da ya ci. Ka ga ni ma ina da nawa kason a ciki."

Na ce zan je in durƙusa gaban Inna Kande in faɗa mata komai. Ya girgiza kai.

"Ba za ka faɗa ba. In Kande ta ji, ba kai za ta tsana ba, kanta za ta tsana, don da hannunta ta riƙa ɗebowa daga kwanon yarinyar nan. Abin da za ka yi, yau in an kawo ka ɗauki yanka ɗaya ka ci, ka bar ƙashin a gefe a gani. Sauran ka rufe ka mayar."

Haka na yi. Na ɗauki yanka ɗaya na rufe ido na sa a baki, ina jiran zuciyata ta tashi. Ba ta tashi ba. Naman beguwa yana da taushi da maiƙo, ya fi na akuya daɗi, kuma wannan daɗin shi ya fi komai ƙona mini rai. Da Inna Kande ta buɗe faifai ta ga nama, sai ta tsaya.

"Malam, lafiya? Ko gishiri ne ya yi yawa?"

"Na ƙoshi ne, Inna. A kai wa mai goyo."

"Kai dai ka ga halin da muke ciki ne kake jin nauyinmu," ta ce. Ta tafi tana sa mini albarka, ina jin ta har ta shige cikin gida.

Bayan kwana biyu ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika garin, kwaɗi suka ɓarke da kuka, gero ya miƙe cikin mako guda kamar ba shi ne ya kusa mutuwa ba. Amma gero a gona ba tuwo ba ne, akwai sauran wata biyu. Maza suka duƙufa maimai, ciyawa ta rufe sawu, farauta ta ƙara wuya. Duk ranar da babu awo ina bayan Baba Tanimu a dutse. Na koyi ɗana tarko, na koyi gane ramin da ke da mai shi da wanda aka bari, na kama damo da hannuna. Na ci gafiya, na ci bushiya, na ci rema, yanka ɗaya-ɗaya, sauran ya koma ciki. Inna Kande ta ce nonon Saude ya fara dawowa. Alhamis ɗin da ta biyo baya tsinken sikeli ya tsaya inda yake, ta gaba kuma ya ɗan motsa sama. Na auna sau uku don in tabbatar. Ranar na yi ta yi wa mutane fara'a har mai unguwa ya tambaye ni ko an aiko mini da albishir daga gida.

Sai gudawa ta kama Hajara. A shekarar ta kama yara da yawa a garin, masu ɗan jiki suka sha wuya suka tashi. Ita ba ta da abin da za ta yi asara. Na haɗa ruwan gishiri da sukari da ɗan sukarin da ya rage mini, Saude tana ɗiga mata da cokali, yana dawowa. A kwana na biyu na ce sai asibitin Birnin Kudu. Muka fita da sassafe, ni da Baba Tanimu da Inna Kande goye da ita. An kwana ana ruwa, muka tarar da rafin ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da itatuwa. Muka zauna a bakinsa muna jiran ya sauka. Wajen azahar Inna Kande ta kai hannu baya ta taɓa yarinyar, ta daɗe hannun yana can, sannan ta ce innalillahi, mu koma gida.

A lokacin gero ya riga ya fitar da kai. Kwana goma sha biyu bayan nan yara suka fara gasa tumu.

Daga baya na yi karatun aikin lafiya, na yi shekaru ina yinsa har na yi ritaya, na ga yara da yawa irin Hajara. Na san ba wanda zai iya rantsewa cewa naman mako uku ne zai tsayar da ita. Na kuma san ba wanda zai iya rantse mini cewa ba zai tsayar ba. Kwananta ne ya ƙare, na yarda da wannan, ina kuma faɗa wa kaina. Amma ramukan nan ni na tona su.

Da kaka ta yi aka kira mu mu koma. Na ɗaure sikeli da katuna a bayan keke, na yi sallama da mai unguwa, Inna Kande ta cika mini jaka da sabon gero tana share hawaye tana zolayata cewa in na yi aure in kawo mata amaryar ta koya mata dafa gafiya. Har na kama keke sai na ji an ce, "Malam," a hankali. Saude ce, ta tsuguna a bakin zana, ta juya fuskarta gefe. Tun zuwana garin ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ta turo wani ƙunshi na ganye a ƙasa.

"Cinyar beguwa ce, na yi maka banda. Na san kana so." Ta ci gaba, fuskarta na gefe. "Inna ta faɗa mini yadda ka hana bakinka saboda yarinyar nan. Allah bai yi za ta zauna ba, amma ka yi iyakar yinka. Allah ya saka maka da alheri."

Na dubi Baba Tanimu. Idonsa na ƙasa. Na buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro, sai na ji na ce, "Amin, na gode." Na sunkuya na ɗauka da hannu biyu.

Rafin ya sauka a lokacin, ruwan bai wuce idon sawu ba. Na jingine keken a daidai inda muka zauna ranar, na kwance ƙunshin. Na cinye naman duka, ina ci ina kuka, na gwigwiye ƙashin har ya yi fari, na sa shi a aljihu domin ban iya jefar da shi a ƙasa ba.

Ban sake komawa Dutsen Makau ba. Na ji Baba Tanimu ya rasu da daɗewa, kuma na tabbata ya tafi da maganar a cikinsa. Idan Saude tana raye, har yau a wurinta ni mutumin kirki ne.

Da muka iso gida ranar Laraba, uwar Rabi ta kawo mini abinci da yanka uku na nama. Na ci ɗaya na rufe sauran, kamar yadda nake yi tun kafin ta san ni. Ta daɗe da yanke cewa haƙorina ne ba shi da ƙwari, ni kuma ban taɓa gyara mata ba. Rabi ta zo ɗaukar kwanon, ta buɗe, ta ce, "Baba, yau ma?"

Na ce ta kai ciki, akwai mai buƙata.